Akwatin da Ya Daina Magana a Madakiya

Daga Kaduna zuwa Madakiya, in ka bi ta Kachia, ido ne ke fara shaida maka cewa ka shigo wata ƙasa dabam. Da an wuce Kujama da Kasuwan Magani da Kufana, sai itatuwa su ƙara kauri, ƙasa ta ƙara ja, hadari ya riƙa saukowa kusa da kan tuddai. Watan Agusta ne, tsakiyar marka. Gonakin citta sun yi kore shar, masara ta yi goyo, mata na zaune a bakin titi da dafaffiyar gyaɗa. Daga Kachia muka karkata zuwa Zonkwa, daga nan muka miƙe kudu, hanyar da ke sauka Kafanchan.

Abokin tafiyata dattijo ne, injiniyan sadarwa da ya fara aiki tun zamanin NITEL, lokacin da samun tarho a gida abin alfahari ne. Tun daga tasha ya ƙi yarda a sa jakarsa a but, a cinya ya riƙe ta har muka iso. Tsohuwar laftof ce a ciki, mai kauri, irin wadda ke da soket mai fil tara a bayanta, sai mitar auna wuta, da ƙarfen solda, da ƙullin wayoyi masu kawuna iri-iri.

Wata ƙungiyar manoman citta ce ta aika masa. Shekarun baya wani shirin tallafin noma ya kafa musu akwati a bakin wani rafi kusa da Madakiya, mai auna ruwan sama da tsayin ruwan rafin, yana kuma ba da abin da ya auna ga wata kwamfuta a Kaduna ta layin waya. Shirin ya ƙare, ma'aikatansa suka watse, sai mutum ɗaya da ya ci gaba da riƙe kwamfutar don ganin dama. Wata damina tsawa ta faɗi kusa ta ƙone modem ɗin da ke cikin akwatin. Manoma suka haɗa kuɗi aka sayo sabo, wani mai gyara ya zo ya ɗaura, fitila ta kama, ya karɓi ladansa ya tafi. Tun daga ranar akwatin bai ƙara cewa uffan ba.

Madakiya na cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, a ƙasar Bajju, ga Kafanchan nan kusa. Abin da ya sa baƙi suka san yankin shi ne Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke faɗowa daga kan dutse, tsayin kusan mita 30, zuwa cikin kwazazzabo. Da marka tun kafin ka hango shi za ka ji rugugi, feshinsa kuma ya tare ka a hanya. Wanda ya saba da damunar Kano ko Katsina, in ya tsaya a wurin, zai gane cewa a nan matsalar manomi ba ƙarancin ruwa ba ce kullum. Sau da yawa yawansa ne, da kuma saurin zuwansa.

Mai gonar da akwatin ke ciki tsoho ne, shi ne kuma uban ƙungiyar. Da iyalinsa Jju yake yi, da mu kuma Hausa, kamar yadda aka saba a duk kudancin Kaduna.

"Sannunku da hanya. Injiniya, kai ne za ka tayar mana da beben nan?"

"Baba, sai mun duba tukuna. In Allah ya yarda zai yi magana."

Tsohon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, in ya tashi, ka roƙe shi ya riƙa gaya mana mu ma. Ko lokacin da yake da lafiya, Kaduna yake gaya wa. A gonata yake, ni nake korar awaki daga jikinsa, amma ban taɓa jin abin da ya gani ba."

Wannan magana ta zauna mini. Na tambaye shi me ya sa suka damu da akwatin da bai taɓa amfanarsu ba, har suka sake haɗa kuɗin motar injiniya. Ya ce 2023. A damunar shekarar ce annobar ruɓa ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da nan Zangon Kataf. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutanen da suka ci bashi suka shuka suka tashi ba iri ba riba. Malaman gona sun gaya musu cewa cutar na son laima da gonar da ruwa ke kwanciya. Tun daga lokacin suke son su san ruwa nawa ke sauka a gonakinsu, a wane mako, don su san lokacin da za su buɗe magudana da lokacin feshi. Hasashen da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana zuwa musu ta rediyo, amma na faɗin jiha ne da ƙananan hukumomi. Su kuwa lissafin wannan kwarin suke nema.

Akwatin na ƙarfe ne, an ɗaure shi a jikin turke, da farantin sola a sama. Da Injiniya ya buɗe, sai ga gidan zanzaro a kusurwa, ga batir mai volt 12, ga na'urar tara bayanai, wadda shi yake kira loga, ga modem sabo ful da koren fitila tana ƙiftawa. Jikar tsohon, wata budurwa da ke koyon gyaran wayar hannu a Kafanchan, ta matso da littafi da biro ba tare da an ce ta zo ba.

Ya fara nuna mana ma'aunin ruwan sama. Mazurari ne a sama, ƙarƙashinsa ɗan cokali mai baki biyu a kan ƙusa. Idan ɓangare ɗaya ya cika sai ya tuntsure ya zubar, ɗayan ya tara. Kowane tuntsurawa ruwan milimita 0.2 ne, wani ɗan maganaɗisu kuma na rufe makunni, loga ta ƙirga ɗaya. A cikin rafin akwai bututu da aka kafa, a ƙasansa wata na'ura na auna nauyin ruwan da ke kanta, daga nan ake gane tsayinsa. Duk minti 15 loga na rubuta layi ɗaya: kwanan wata, lokaci, ruwan sama, tsayin rafi, ƙarfin batir. Layi 96 ke nan a yini. Ya jona laftof ɗinsa kai tsaye da logar, sai ga lambobi na gangarowa. Ashe duk tsawon lokacin nan tana aikinta, tana aunawa tana rubutawa. Hanyar fita ce kawai ta toshe.

Tsakanin loga da modem akwai kebul da bai fi kamu biyu ba, kuma a nan ne Injiniya ya zauna ya yi mana karatu. Tsarin da suke magana da shi ana ce masa RS-232, an fito da shi a Amurka tun 1960, kuma har yau shi ke cikin mitocin lantarki na masana'antu, da na'urorin asibiti, da tashoshin auna yanayi. Soket ɗin na da fil tara, amma uku ne ginshiƙi: na 2, na 3, da na 5. Ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa, na 5 kuma shi ne ƙasa da duka biyun ke auna wutarsu a kansa. Bayanai na tafiya ɗaya bayan ɗaya a waya guda, kowane harafi an daddatsa shi zuwa ɗigon wuta takwas, da ɗaya a gaba mai cewa ga shi nan tafe, da ɗaya a baya mai cewa ya ƙare. Babu wata wayar agogo da ke haɗa ɓangarorin biyu. Don haka dole su riga su yarda a kan sauri tun kafin a fara. Logar nan an saita ta a 9600, wato ɗigo 9,600 a daƙiƙa, harafi 960 ke nan. Wanda ya saba da kallon bidiyo a waya zai raina wannan, amma rubutun yini guda na wannan tasha bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba zai wuce.

Ya zare kebul ɗin, ya sa mita. Wayar da ke aikawa, in tana hutawa, tana nuna wuta mai alamar ragi, wayar da ke karɓa kuma ba ta nuna komai. Ya taɓa fil na 2 a jikin logar, allura ta nuna ragi. Ya taɓa fil na 2 a jikin modem, ita ma ragi.

"'Yata, me kika gani?"

"Baba, duka biyun a waya ɗaya suke turo magana."

"To wa ke saurare?"

Dalilin shi ne, an ƙera logar don a jona ta da kwamfuta kai tsaye, modem ma haka. Kowannensu na zaton kwamfuta ce a ɗaya bakin. In za a haɗa su da juna, sai an gicciye wayoyin, na 2 ya tafi na 3, na 3 ya dawo na 2. Tsohon kebul ɗin gicciyayye ne, amma ya ƙone tare da tsohon modem, mai gyara kuma ya sa miƙaƙƙen da ya zo a cikin kwali. A ido ba su da bambanci ko kaɗan. Yarinyar ce ta kama ƙarfen soldar, da batirin akwatin da wata 'yar inbata aka ɗumama shi, ta sauya wayoyin biyu da hannu mai natsuwa.

Na ɗauka an gama. Injiniya ya ce yanzu aka fara.

Ya jona laftof da modem ɗin, ya buɗe baƙin allo wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, ya rubuta haruffa biyu: AT. Babu amsa. Ya sauya saurin laftof ɗin ya sake, ya sake, sai da ya kai 115200 sannan allon ya amsa da OK. Ga matsala ta biyu: modem na gudu a saurin da ya ninka na logar sau 12. Ko da kebul ɗin daidai yake, abin da kowannensu zai ji daga ɗan'uwansa shirme ne. Ya rubuta AT+IPR=9600, ya mayar da laftof ɗin 9600, ya sake gaisuwa, aka amsa.

Waɗannan haruffa biyu suna da tarihi. Modem ɗin kasuwa na farko-farko da ya yaɗu, Bell 103 na 1962, ɗigo 300 yake kaiwa a daƙiƙa, yana mayar da su sauti don su bi wayar tarho. A 1981 wani Ba'amurke, Dennis Hayes, ya fito da Smartmodem, wanda kwamfuta ke iya ba wa umarni ta wannan kebul ɗin da bayanai ke bi: ɗauki waya, buga lamba kaza, ajiye. Kowane umarni da AT yake farawa. Kamfanin Hayes ya daɗe da rushewa, amma harshen ya rayu, har cikin modem ɗin da ke aiki da sim a yau. Injiniya ya ce lokacin da yake saurayi, irin wannan akwati da wayar tarho ta ƙasa ake haɗa shi, kwamfutar ofis ta buga ATD da lamba, a ji ƙarar nan ta tsiwa da shuu, fitila ta kama. Sai dai layukan ƙasa a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba lokacin da GSM ta iso a watan Agustan 2001, kuma ƙauyuka irin wannan ba su taɓa ganin su ba. Da wayar salula ta zo, sai aka koma yin irin wannan kira ta sim, a saurin 9600. Modem ɗin masana'antu da ake sa wa a daji ya bambanta da na gida: jikinsa ƙarfe ne, yana cin wutar batir kai tsaye, yana jure zafin akwati a rana, mai kyau kuma yana iya tayar da kansa in ya sandare.

Ya ci gaba, yana faɗa tana rubutawa. AT+CSQ, don a ga ƙarfin sabis. Ma'aunin daga 0 zuwa 31 ne, in ya nuna 99 babu komai. Ya nuna 9, saboda an bar eriyar a cikin akwatin ƙarfe, a cikin kwari. Wani yaro ya hau turken ya ɗaure ta a sama, lamba ta koma 17. Sai ATS0=1, wato in an kira, ka ɗauka a ƙara ta farko. Daga masana'anta wannan a sifili yake, ma'ana modem zai yi ta jin kira har abada ba zai ɗauka ba, yana jiran wani ya ba shi izini, a wurin da babu kowa sai awaki da zanzaro. Sai AT&D0. Akwai fil na 4 wanda kwamfuta ke ɗagawa don ta ce ina nan a shirye, modem da yawa kuma in ba su ga wannan alama ba sai su ƙi ɗauka ko su katse. Kebul ɗinmu waya uku ce kawai, don haka aka gaya masa ya daina duba wannan fil. Haka aka kashe masa jiran izinin fil na 7 da na 8, waɗanda ake tsayar da bayanai da su in sun yi yawa.

Saura biyu, ATE0 da ATQ1, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Sabon modem kamar sabon ɗan aike ne mai yawan ladabi: duk abin da aka faɗa masa sai ya maimaita, sannan ya ƙara da to, an gama, ana sallama, an tafi. Ga mutum a gaban allo wannan taimako ne. Ga loga kuwa, wadda ke jiran takamaiman umarni daga Kaduna, kowace kalma daga cikin waɗannan tana shigo mata ne a matsayin umarnin da ba ta gane ba, ta amsa, modem ya maimaita amsar, su yi ta juyi. Na farkon yana hana maimaitawa, na biyun yana hana surutu. Injiniya ya bar na biyun zuwa bayan gwaji, don mu ga abin da ke faruwa.

Daga ƙarshe ya rubuta AT&W, ya sa yarinyar ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Duk abin da aka saita, in ba a rubuta wannan ba, yana nan ne kawai muddin akwai wuta. Ranar da hadari ya kwana uku batir ya yi ƙasa, modem ya mutu ya farfaɗo, zai koma yadda ya fito daga kwali. Ya ce ya sha ganin tashar da ta yi aiki lafiya a gaban manyan baƙi ranar buɗewa, ta mutu bayan mako biyu, aka ce kayan jabu ne, alhali haruffa huɗu ne ba a rubuta ba. Ya cire wutar modem ɗin, ya ƙirga goma, ya mayar, ya duba da AT&V. Komai na nan.

Ruwa ya tsuge kafin a yi gwajin, muka fake a barandar wani coci da ke kusa. Muna kallo rafin da muka tsallaka da ƙafa ɗazu ya koma ja, ya cika, ya fara lasar gindin masara. A nan hirar ta koma kan ambaliya. A 2012 da 2022, ruwan sama da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru sun cika Binuwai da Neja, kuma a 2022 kaɗai mutum fiye da 600 suka rasu. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye rabin Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 150 a Mokwa. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, Hukumar Raya Kogin Neja da ke Yamai na tattara ma'aunin manyan koguna daga ƙasashe tara, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2022 ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam ya zama yana ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Duk wannan gini a kan ma'auni yake tsaye, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. Babban kogi yana ba da kwanaki kafin ya iso Lokoja. Ƙaramin rafi a gindin dutse sa'a ɗaya ko biyu yake bayarwa. Irin wannan ba mai iya gargaɗi a kansa daga Abuja, sai akwatin da ke bakinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke mutunta sayen kaya fiye da riƙe su. Ana ware kuɗin ƙarfe da sola da bikin buɗewa, ba a ware na katin waya, ko na motar mai gyara, ko na koya wa mutum ɗaya a garin abin da zai yi ranar da fitila ta sauya launi. Ba a nan kaɗai ba ne. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Arewa ya ga famfon sola da ya tsaya saboda fis ɗaya.

Da ruwa ya tsagaita muka koma. Injiniya ya kira mutumin Kaduna ya ce ya buga. A baƙin allon sai ga RING. Modem ya ɗauka. Muka riƙe numfashi muna jiran CONNECT 9600. Abin da ya fito shi ne NO CARRIER. Aka sake, haka.

Bai yi mamaki ba. Kiran bayanai irin wannan ba kowane sim ke karɓarsa ba, sai kamfanin waya ya buɗe wa layin wannan hidima, kuma hidima ce ta zamanin 2G da kamfanoni a duniya ke ta janyewa daga gare ta. Tsohon sim ɗin akwatin an buɗe masa, amma da sunan wani ma'aikacin shirin aka yi rajistarsa. Da gwamnati ta ba da umarni a Disamban 2020 cewa a haɗa kowane layi da lambar NIN, babu wanda ya tuna da layin da ke kulle a cikin akwati a bakin rafi, daga baya aka rufe shi tare da sauran. Wanda ke ciki yanzu na jikar tsohon ne, layin magana kawai.

Injiniya ya zauna a kan dutse ya buɗe littafin logar, ya daɗe yana juya shafi. Sannan ya ɗago ya ce wa tsohon, "Baba, abin da ka roƙa ɗazu, shi za mu yi. Kaduna ba za ta iya kiransa ba. Amma shi zai iya aiko muku da saƙo."

Logar na da ikon tura tes da kanta, ba a dai taɓa kunna shi ba. Saƙon tes harafi 160 ne, ya ishi kwanan wata, da jimlar ruwan jiya, da mafi tsayin da rafi ya kai, da ƙarfin batir. Wannan ya juya saitin. Ɗazu so ake modem ya yi tsit ya zama bututu kawai tsakanin loga da Kaduna. Yanzu logar ce za ta riƙa ba shi umarni, dole ta ji amsarsa kafin ta ci gaba, don haka ATQ1 ya fita daga lissafi, yarinyar ta soke shi a littafinta ta rubuta dalili a gefe. Aka bar hana maimaitawa, aka ƙara AT+CMGF=1 don saƙon ya fita a rubutun da mutum zai iya karantawa, aka sake AT&W. Lamba uku logar ke ɗauka. Bayan 'yar muhawara aka sa ta sakataren ƙungiya, da ta wani malamin firamare mai gona a ƙasan rafin, da ta mutumin Kaduna. Saƙo ɗaya kullum ƙarfe 6 na safe, wani kuma nan take in ruwa ya haura alamar da tsohon ya nuna da sandarsa a jikin bututun, inda ya ce daga nan ne yake shiga gonakin ƙasa.

Wayar sakataren ta yi ƙara tun muna tsaye. Ya karanta da ƙarfi: ruwan da ya kore mu zuwa barandar coci milimita 31.4 ne. Tsohon ya sa aka maimaita masa, sannan ya tambayi nawa ne ya sauka a watan Yulin 2023.

Wannan ne kaɗai abin da Injiniya ya kasa ba shi. Ma'ajiyar logar na da iyaka, in ta cika sai sabon layi ya hau kan mafi tsufa. Ta auna ruwan makonnin da citta ta ruɓe, ta rubuta, ta riƙe shi wata da watanni tana jiran a kira, daga baya ta goge da kanta. Abin da ya rage shi ya kwafe a filashi biyu, ya ba sakataren ɗaya.

Da yamma muka shiga Kafanchan. Garin jirgin ƙasa ne tun asali. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna, wani reshe kuma ya haura Jos, sai ma'aikata daga kowace kusurwar ƙasar nan suka cika wurin. Layi ɗaya ne jirage ke bi, don haka ba a sakin jirgi daga tasha sai an yi magana da ta gaba ta waya an tabbatar hanya a buɗe take. Rayukan fasinjoji a kan wannan siririn saƙo suke, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, su bi turakun tangaraho da ƙafa suna neman inda waya ta tsinke. Yanzu tashar ta yi shiru, ciyawa ta rufe wasu layukan. A unguwar Bayan Loko kuma, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta taɓa kafa Zittnet, hanyar intanet marar waya da ta kai sabis makarantu da cibiyoyi a lokacin da ko manyan birane na fama. Sun sha fama da rashin wuta da tsawa, guguwa ta taɓa kayar musu da dogon ƙarfensu, amma matasa da dama sun koyi aikin sadarwa a wurin. Yankin nan ba baƙo ba ne ga wannan sana'a, kuma hannayen da za su riƙe ta suna nan a kasuwar gyaran waya.

Yarinyar ta biyo mu har shagon ubangidanta, inda Injiniya ya zana mata fil tara a bayan kwali, ya nuna mata irin kebul mai kan USB da za ta nema tunda laftocin yanzu ba su da wannan soket, ya kuma gargaɗe ta cewa na arha sukan yi ƙarya. Ya ce ta sake kwafe umarnin a takarda mai kauri, ta sa a leda, ta manna a cikin murfin akwatin, don duk wanda ya buɗe bayanta ya gani. Ya gaya mata gaskiya cewa modem ɗin nan na 2G ne, ranar da aka kashe 2G a yankin sai an sauya shi da na 4G, amma gaisuwar da saurin da gicciye waya duk ba za su canja ba.

Sauran abu biyu suka rage a hannun ƙungiya. Na farko katin waya: sakataren ya ce za a riƙa cirewa daga kuɗin wata-wata, a kuma yi wa sim ɗin rajista yadda ba zai dogara da mutum ɗaya ba. Na biyu shi ne abin da ya jawo duk wannan tun farko. Turken ƙarfe ne a fili, yanzu ma an ƙara masa eriya a ƙoli, kuma wayar da ya kamata ta sauke tsawa zuwa ƙasa an daɗe da yanke ta. Ana buƙatar sandar tagulla a binne a ƙasa mai laima, da waya mai kauri, da 'yar na'urar kariya a kan kebul ɗin eriya. Injiniya ya rubuta musu kuɗin, ya ce wannan ya fi komai gaggawa, domin tsawar ƙarshen damina a gindin Kagoro ta fi ta farko zafi. Ma'ajin ƙungiyar ya duba takardar, ya ce a yanzu kowa kuɗinsa na cikin gona, zai kai maganar taron ranar Lahadi bayan an taso daga coci.